Ranar da na fi Kipchoge gudu da ledar tumatur a hannu

Duk wanda ya sanni a Bauchi Road nan Jos ya san gudun da na ƙware a kai bai wuce na mai bina bashi ba. Likita ne ya ja min wannan wahalar, ya gwada jinina ya kalli tumbina ya ce Alhaji ko dai ka rage wannan abin ko shi ya rage ka. Ina ba wani abokin aikina labari, kafin in rufe baki ya jefa ni wani guruf na WhatsApp na masu gudun safe, mutum arba'in da 'yan kai, akwai malaman makaranta, akwai nas, akwai wani dattijo tsohon soja da kowa ke ce ma Baba, da wani siririn yaro ɗan Pankshin wanda in ka ga ƙafafunsa sai ka ɗauka sandar fulani ce. Dokar guda ɗaya ce, kowane wata kilomita 100. Ka sauke Strava a waya, manhajar da ke auna nisan gudu da lokacinsa, in zaka fita ka kunna, in ka dawo ka kashe ka turo hoto.

Na ɗauki biro na buga lissafi, Janairu kwana 31 ne, kenan kilomita 3 da ɗan ɗoriya kullum. Na ce haba, wannan ai zuwa masallaci ne da dawowa. Na shiga kasuwar Katako na sayi kambas na gwanjo da wandon tirak, madam tana kallona tana cewa Allah ya sa ba irin na keken motsa jikin nan bane da yanzu muke shanya tawul a kai.

Abinda lissafin biro bai gaya min ba shine Jos a kan dutse take, sama da mita 1,200 daga teku, iskar ma in ka shaƙa kamar an tsinka ta da ruwa, baka ƙoshi. Kuma titin da kake bi a mota shekara goma kana ganinsa a miƙe, ranar da ka taka shi da gudu zaka gane ashe hawa ne. Ga sanyin Janairu da hazo, bayan sallar asuba hanci na yoyo leɓe ya tsage. Ranar farko ina haki na zo wucewa ta gaban wata tsohuwa mai ƙosai, sai ta miƙe zumbur ta riƙe bakin zaninta tana leƙa bayana, "lafiya ɗana? me ya faru a can?" Kun san garinmu, babba baya gudu haka kawai. Na ce Mama motsa jiki ne. Ta koma ta zauna ta ce Allah ya shirya, da girmanka.

Amma fa mutanen guruf ɗin nan sun iya zuga. Ko kilomita 2 ka turo, kana tafe kana hutawa, sai ka ga saƙo na shigowa, "jarumi!", "Allah ya ƙara lafiya Alhaji", "sannu sannu kwana nesa", ga hoton wuta ga na tafi. Ni da rabon da a yabe ni tun ranar ɗaurin aurena, abin ya fara hawa min kai. Har na fara gyara wa mutane zama a ofis, ina ce musu ku rage shinkafa da daddare.

Ranar 18 ga wata ina da kilomita 34 cif, an bar ni a baya sosai, Baba mai shekara sittin da wani abu yana da 70. Na ce yau sai na yi abin kirki. Na bi rin rod ta gaban jami'a har Farin Gada, kilomita 4 da rabi, na isa ƙirjina kamar ana daka sakwara a ciki. Ina dafe da gwiwa sai ga kiran madam, "Abban yara kana ina?" Na ce Farin Gada. Ta ce yauwa Allah ya kawo ka, shiga kasuwa ka sayo min tumatur da attaruhu, ka haɗa da kabeji da karas, kar ka bari su cuce ka. Na shiga na yi ciniki, na fito da leda biyu, na kalli hanyar gida na kalli ƙafafuna, muka yi shawara mu uku muka tsayar da keke napep.

Mai napep ɗin kuwa wani matashi ne da ya ƙure waƙa yana sharara gudu, kamar an ce masa gidansu na cin wuta. Ni dai ina rungume da kabeji ina salati. Waya tana aljihun wandon tirak, Strava tana ta aikinta, ban tuna da ita ba sai da na zauna a falo na cire kambas. Na danna na kashe, na ga kilomita 9.3, ko duba sauran ban yi ba na tura guruf na shiga wanka.

Na fito na tarar da saƙo sun fi sittin. "Kai Alhaji!!" "Wannan ai ba mutum bane." "Ashe ɓoye mana kake yi." Sai a lokacin na buɗe hoton da kyau. Kilomita huɗun farko minti 9, minti 10, irin nawa na kullum. Na shida kuwa minti 1 da sakan 52. Na bakwai minti 2 da 5. Don ku gane girman abin, Eliud Kipchoge da ya yi gudun kilomita 42 a ƙasa da awa biyu a Vienna a 2019, kowace kilomita kusan minti 2 da sakan 50 ya riƙa cinye ta. Ni na wuce shi da kusan minti guda, da tumbi, da attaruhu.

Nan ne shaiɗan ya zauna kusa dani. Wallahi na rubuta "ku yi haƙuri napep ne" har na kai yatsa, sai ga saƙon nas ɗin nan tana cewa ita ni ne ma na ba ta ƙwarin gwiwar fita gobe. To ya zan yi in karya wa baiwar Allah zuciya? Na goge. Na tura "Alhamdulillah, sai a hankali" da hoton hannu biyu na addu'a. Ban yi ƙarya ba ai, ban dai faɗi gaskiya bane.

Daren Juma'a admin ya saka sanarwa, gobe Asabar gudun haɗin gwiwa, haɗuwa a Secretariat Junction ƙarfe shida, za a miƙa ta Old Airport zuwa Rayfield. Masu sauri Alhaji ne zai ja su gaba. Na karanta sau uku. Na fara laluben ciwo a jikina, ko ɗan mura babu, jikin da kullum yake min ƙorafi ranar shiru ya yi. Madam ta ce ka faɗa musu mana, na ce ke baki san harkar maza ba.

Da safe na tarar da su sun yi layi, har tafa min aka yi. Yaron Pankshin ya matso ya ce Oga ni dai a bayanka zan tsaya in koyi wani abu. Aka ce a tafi. Na fizga da iya ƙarfin da Allah ya bani, kuma tsakani da Allah mita ɗari ukun farko ko ni na yi mamakin kaina. Daga nan sai numfashi ya ce shi a nan zai sauka. Na tsaya na ɗaure igiyar kambas da ba ta kwance ba. Na ƙara mita ɗari na ɗaure ɗaya ƙafar. Na uku babu sauran igiya, sai na kama cinya na ce jijiya ce. Masu sauri suka wuce, matsakaita suka wuce, nas ta wuce, can sai ga Baba yana tafe ƙyaf ƙyaf kamar agogo, ya dube ni a zaune a bakin kwalbati ya ce "ɗana, in tsayar maka da napep ne?"

Dariyar da ta tashi har masu shago sai da suka leƙo. Ashe duk sun dawo sun zagaye ni. Ashe tun ranar kowa ya gane, taswirar ta nuna inda na yi minti ashirin ina zagaye cikin kasuwa, ta nuna inda muka tsaya sau uku ana sauke fasinja. Wani guruf suka buɗe na daban babu ni, a can aka shirya komai, har da saƙon nas. Yaron Pankshin yana share hawaye ya ce Oga, ɗan Kenya Noah Ngeny da ya kafa tarihin gudun kilomita ɗaya a 1999, minti 2 da sakan 11 ya yi, kai ka zo ka yi 1 da 52 a rin rod, mu har mun fara tunanin haɗa maka kuɗin fasfo.

A wajen mai shayi admin ya karɓi wayata ya nuna min inda ake yanke ƙarshen gudu a Strava, ya datse na napep tas, har da na cikin kasuwa, duk da na roƙe shi ya bar min wannan tunda da ƙafata na yi cinikin. Ni na biya kuɗin shayin mutum goma sha huɗu da burodi, Baba ya sa aka soya masa ƙwai uku.

Na rufe Janairu da kilomita 58. Sunana a guruf yanzu Alhaji Napep, ko kilomita 3 na turo sai wani ya tambaya nawa na biya. Jiya kuma ina ɗaura kambas madam ta leƙo daga kicin ta ce in Farin Gada zaka, a taho min da albasa, amma ka kashe wayar tukuna.