Tsohuwar gadar Makurɗi da kogin da aka yi watsi da shi

Tun 1932 tsohuwar gadar Makurɗi take tsaye a kan kogin Binuwai. Gwamna Donald Cameron ne ya buɗe ta, kuma kafin nan sai an ɗora taragan jirgin ƙasa a kan fito a tsallaka da su, domin layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu ya nufi Kafanchan a bakin ruwan yake katsewa. Gawayin Inugu da kuzar Jos duk ta kanta suka riƙa wucewa, mota da jirgin ƙasa kuma doro ɗaya suke hawa.

Amma a wancan zamani kogin ma hanya ce. Da damina in ruwa ya cika, jiragen kamfanoni kan hau har Yola, su zarce Garwa a Kamaru, su sauko da gyaɗa da auduga. Yau wanda ya leƙa daga kan gadar da rani tsibiran yashi zai gani, da masu haƙar yashi, da kwale-kwalen katako ɗauke da doya da itace da mutane, galibi ba mai rigar kariya ko ɗaya. Wurin sauka kuwa gangare ne mai santsi, inda mace da goyo da kwandon kifi a ka take tattare zani ta taka cikin taɓo.

A ganina nan ne ya kamata kuɗi su fara zuwa. Kowace gwamnati ta zo sai ta yi alkawarin yashe kogi da gina babbar tasha, to ai mun ga tashar jiragen ruwa ta Baro a kan kogin Neja. An ƙaddamar da tashar a Janairun 2019 da kiɗa da jawabai, aka bar ta ba hanyar kirki da tirela za ta bi ta kai kaya. Masu cewa in ba a yashe ba manyan jirage ba za su dawo ba suna da gaskiya. Sai dai yashi na komawa duk shekara, kuma tun da aka gina madatsar Lagdo a kan kogin a Kamaru a 1982 cika da janyewar ruwan ba a hannunmu kaɗai suke ba. Aiki ne da ba ya ƙarewa, mu kuwa an san mu da wanda ake yanke ƙyalle a watse.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, NIWA, da ke Lokoja da gwamnatin Binuwai za su iya abin da bai kai wannan tsada ba: matakalar siminti a unguwar Wadata ta Makurɗi da tsallaken arewa, fitila, rigunan kariya, da ma'aikacin da zai ƙirga fasinja ya hana tafiyar dare. Gadar ita ma injiniyoyi su duba ƙarafanta da ginshiƙanta, a fito da rahoton kowa ya karanta, domin duk ranar da sabuwar gadar motoci da aka gina daga baya ta samu matsala, tsohuwar da waɗannan kwale-kwalen ne za su ɗauki mutanen gari.