Kafin Ka Yi Dariya, Duba Wanda Ke Kwance a Ƙasa

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, maza da mata.

Akwai wani nau'in fim da ya kama zukatan da yawa daga cikinmu. Labarin ɗan fashi ne, ko dillalin ƙwaya, ko gungun 'yan daba masu kwat da taye, sai a rubuta a farkonsa cewa abin ya faru da gaske. A cikinsa ana dukan mutum har ya daina motsi, kai kuma kana riƙe da ciki saboda dariya. Ba zan ce maka duk wanda ya kalla zai zama mai kisa ba. Miliyoyin mutane sun kalla, ko kaza ba su taɓa yankawa ba. Ɓarnar ta fi haka ɓoyuwa: ana tashi daga kallon, ka san sunan makashin, ka haddace maganganunsa, kana jin kamar abokinka ne, amma wanda aka kashe ko fuskarsa ba za ka iya tunawa ba. Kuma ba bisa kuskure hakan ta faru ba. Aiki aka yi a kanka, aikin ƙwararru.

Daɗin fim ɗin gaskiya ne, kada mu yaudari juna. Mutum yana son leƙa abin da yake tsoro matuƙar yana zaune lafiya a kan kujerarsa. Matashin da kullum ake ce masa jira, bi layi, ba a ɗaukar ma'aikata yanzu, dole ransa ya yi sanyi idan ya ga wani a allo wanda ba ya jiran kowa, ƙofa na buɗe masa tun kafin ya iso. Sannan ga barkwanci. Idan aka ɗaure maka jijiyoyi da fargaba na minti biyu ko uku, sai wani ya saki magana mai ban dariya, dariyar da za ta fito ta fi ta kullum ƙarfi, domin da ita jiki ke sauke nauyin da ya ɗauka. Masu shirya fim sun san wannan sarai. Shi ya sa suke ajiye barkwancin dab da zubar jini, ko ana gama zubar da shi.

Makami na farko shi ne wanda aka ba bakin magana. Ɗauki Goodfellas na 1990, wanda Martin Scorsese ya ba da umarni, tunda da yawa daga na bayansa daga gare shi suka kwaikwaya. Labarin Henry Hill ne, wani yaron gungun mafiya, wato ƙungiyar manyan masu laifi, a New York, kuma muryarsa ce ke jan ka a mafi yawan fim ɗin, tana gaya maka wane ne mutumin kirki, wane ne sakarai. Masu tashi da safe su tafi aiki, a bakinsa, su ne wawaye. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma a nan mai waƙar ɓarawo ne, kuma babu wanda aka ba dama ya ƙaryata shi. Sa'o'i biyu da kusan rabi kana cikin kansa. Duk wanda ka daɗe kana sauraro haka, ko ba ka so, sai ka fara ganin duniya da idonsa.

Ga wata fitowa guda a fim ɗin, mu dube ta da kyau. Sun lakaɗa wa wani mutum duka a mashaya, sun cusa shi a but ɗin mota suna zaton ya mutu. Cikin dare suka biya gidan mahaifiyar ɗayansu don ɗaukar shebur. Tsohuwa ta farka, ta ce ba za su tafi ba sai sun ci abinci. Suka zauna a tebur, ana hira, tana yi wa ɗanta faɗan ya ƙi aure. Ya ari wuƙar girkinta, ya ce barewa suka buge a hanya, kofatonta ya maƙale a gaban mota. Ta ɗauko wani zane da ta yi ta nuna musu, ɗayansu ya ce mutumin da ke zanen ya yi kama da wani da suka sani, aka fashe da dariya. Kai ma ka yi dariya. A daidai lokacin kyamara ta juya ta taga zuwa motar, ana jin bugu daga cikin but. Darakta ya zaunar da kai a tebur tare da su, bai saka ka a but ba. Mutumin da ke ciki kuwa ba ƙirƙira ba ne, an kashe shi da gaske a 1970.

Sai kiɗa da yankan hoto. Ana nuna gawarwaki ɗaya bayan ɗaya, a mota, a motar shara, a motar daskarar da nama, amma abin da kunnenka ke ji kiɗan piyano ne mai taushi. Ido na cewa tashin hankali, kunne na cewa kwantar da hankalinka, kuma yawanci kunne ke rinjaye. Mai haɗa hoto shi ma yana da nasa: yana nuna naushin, sai ya yanke kafin ka ga abin da ke biyo baya. Ba ka ganin asibiti, ba ka ganin wanda aka kira a waya da tsakar dare. Gwada wannan da kanka. Zaɓi fitowar da ta fi ba ka dariya, ka kashe sauti gaba ɗaya, ka sake kallonta. Abin da zai rage shi ne mutum uku suna tattaka mutum ɗaya.

Inda abin ya fi muni shi ne yadda ake yi wa wanda aka zalunta. Don ka iya dariya hankalinka kwance, dole a sa ka ji cewa shi ma ya ja wa kansa. Fim ɗin Pain & Gain na 2013 ya ɗauko labarin wasu masu ɗaga ƙarfe a Miami. A ƙarshen 1994 suka sace wani ɗan kasuwa, Marc Schiller, suka tsare shi kusan wata guda a ɗakin ajiyar kaya, ido a ɗaure, suna azabtar da shi har ya sa hannu a takardun da suka kwashe dukiyarsa. Daga nan suka ɗura masa giya, suka saka shi a mota suka cinna wuta, da ya fito suka bi ta kansa da mota. Allah ya yi da sauran kwanansa. A 1995 suka kashe wani attajiri da budurwarsa, suka daddatsa gawarwakin. Kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa a 1998. To me fim ya yi da wannan? Ya ba fitattun jarumai masu farin jini matsayin 'yan ta'asar, ya mai da su wawaye masu ban dariya da burin arziki ya ruɗa. Wanda aka sace kuma aka canza masa suna, aka mai da shi marowaci mai baƙin baki, wanda kana ganinsa za ka ce ai gara da aka yi masa. Schiller ya kai ƙara kotu a kan haka, dangin mamatan ma sun fito sun nuna ɓacin ransu. Gaskiya ne shi ma daga baya an ɗaure shi kan zambar inshorar lafiya. Wannan tsakaninsa da hukuma ne, bai halatta a ƙona shi da ransa ba, balle a mai da ƙunar abin nishaɗi.

A fim ɗin nan ne ma, ana tsaka da gasa hannayen gawa don ɓatar da zanen yatsu, aka rubuta a allo cewa har yanzu labarin gaskiya ake bayarwa. Alhali jarumin da ke wannan fitowar ba mutum ɗaya yake wakilta ba, mutane da dama aka haɗa aka yi shi. Don haka rubutun nan na "labarin gaskiya" ku riƙe shi da yatsu biyu. Babu wata hukuma da ke auna yawan gaskiyar da fim zai ƙunsa kafin ya rubuta haka. Fargo na 1996 ya buɗe da cewa abin ya faru a Minnesota a 1987, daga baya masu fim ɗin da kansu suka ce shirya labarin suka yi. Abin da marubuci ya saba yi sananne ne: ya haɗa mutum uku su zama ɗaya, ya matse shekara goma ta koma wata shida, ya sa wa ɗan daba magana mai hikima a baki wadda bai taɓa faɗa ba, ya cire laifin da zai sa ka tsane shi.

Lokaci kuwa shi ne babbar ƙaryar, domin fim ba zai iya nuna zaman kurkuku yadda yake ba, kowa zai tashi ya bar kallon. Michael Peterson, wanda duniya ta sani da Charles Bronson, an ɗaure shi shekara bakwai a Ingila a 1974 saboda fashi da makami. Dukan gandirebobi da garkuwa da mutane a cikin gidan yari suka yi ta ƙara masa wa'adi. In ban da 'yan watannin da ya yi a waje, a tsare ya ƙare ƙuruciyarsa, mafi yawanta shi kaɗai a ɗaki. A 2023, yana da shekara 70, ya nemi a sake shi aka ƙi. Fim ɗin da aka yi a kansa a 2008 awa ɗaya da rabi ne, cike da kwalliyar fuska da wasan dandamali da tafi. A 1999 ya yi garkuwa da wani malami a kurkukun Hull kusan kwana biyu. A fim an mai da irin wannan tamkar baje kolin zane. Malamin kuwa ya sha gaya wa 'yan jarida cewa firgicin bai sake shi ba.

Haka abokan Henry Hill. A Disamba 1978 gungunsu ya kwashe kusan dala miliyan 5 da kayan ado daga ma'ajiyar kamfanin jiragen Lufthansa a New York. Cikin 'yan watanni aka fara tsintar gawarwakin waɗanda suka yi aikin, 'yan uwansu ne ke kashe su don kada a raba da su ko su tona asiri. Tommy DeSimone, wanda aka gina mai ban dariyar Goodfellas a kansa, ya ɓace a 1979 bai kai shekara 30 ba, ba a ga gawarsa ba. Manyan gungun kuwa, Paul Vario ya mutu a tsare a 1988, Jimmy Burke a 1996. Hill ya tsira ne ta hanyar ba da shaida a kan abokansa a 1980, hukuma ta ɓoye shi da iyalinsa, daga baya ta cire shi daga kariyar saboda ya koma ruwa. Ya yi fama da shaye-shaye har ya mutu a 2012. 'Ya'yansa biyu sun rubuta nasu littafin a 2004 kan tsoro da gudun da suka tashi a ciki. Rana dubu ta ɓarawo fim ke nunawa dalla-dalla, ranar mai kaya kuma a dunƙule ta a mintunan ƙarshe.

A yi adalci, masu fim na ƙwarai suna nuna faɗuwar, wasu ma da nufin gargaɗi suka yi aikin. Matsalar zamaninmu ita ce da yawa ba su kai wa ƙarshen. Abin da ke yawo a TikTok da Instagram guntaye ne na daƙiƙa talatin ko minti ɗaya: shigowar ƙasaita, sigari, kallon raini, an ɗora sabon kiɗa. An yanke kamun, an yanke cin amanar, an yanke kuka. Yaro ya gani ya ɗora a status, ya sa hoton Pablo Escobar, ƙasurgumin dillalin ƙwaya na Kolombiya, a shafinsa, bai san cewa a Nuwamba 1989 mutanen wannan mutumin sun tarwatsa jirgin Avianca a Kolombiya da mutum 107 a ciki ba, bai kuma san a kan rufin gida aka harbe shi a 1993 yana gudu ba. Duk wanda ya tura irin wannan guntun ya gama wa darakta tacewar da shi kansa ya ji kunyar yi.

Ka kuma tambayi inda kuɗin kallonka ke zuwa. Jihar New York ta yi doka a 1977 don hana mai laifi cin ribar sayar da labarin laifinsa. A 1991 Kotun Ƙolin Amurka ta soke ta, kuma shari'ar a kan littafin labarin Henry Hill, wanda daga shi aka yi Goodfellas, aka yi ta. Wato mai laifi na iya samun rabonsa, wanda aka cuta kuwa sau da yawa ko shawara ba a yi da shi.

Idan za ka kalla, ka kalla har ƙarshe, kada ka tsaya a inda ake shagali. Kana gamawa ka ba kanka minti goma a intanet: rubuta sunan mutumin na gaskiya, ba sunan fim ba, ka haɗa da kalmar hukunci ko kotu, domin sunan fim tallace-tallace da sharhin masoya kawai zai kawo maka. Nemi abu uku: me aka same shi da laifinsa, shekara nawa ya yi a tsare, su wane ne ya cuta. Idan ka ga an canza wa wanda aka cuta suna da hali, to a nan aka fi yin ƙarya. Kada ka ɗauki laƙabin ɗan ta'asa ka maƙala wa kanka ko abokinka da sunan wasa, laƙabi yana bin mutum fiye da yadda yake zato, kuma mai neman ma'aikaci ko suruki ba zai tsaya tambayar ko raha kake yi ba. Ranar da ka ga bidiyon dukan wani na gaske a waya, ka ji dariya ce ta fara zuwa maka kafin tausayi, ka ajiye wannan nau'in fim na wasu watanni.

Sai ƙannenmu. Alamar shekaru da ake sa wa fim ba ado ba ce. R a Amurka na nufin wanda bai kai 17 ba sai da babba, 18 a Ingila na nufin ba a sayar wa yaro ko shigar da shi sinima, kuma yawancin waɗannan fina-finai a nan suke. Babba yana iya gane cewa darakta gugar zana yake yi, yana nuna wautar mutumin ne. Ɗan shekara goma sha biyu ba ya ganin gugar zana, abin da ya gani shi ne wanda ya fi mugunta shi ake tsoro, shi ake yi wa dariya, shi ke da mota. Kada ka kunna a ɗakin da suke, kada ka bar shi a wayar da suke ara. In kuma ka tarar ya riga ya kalla, duka da ƙwace waya ba za su goge abin da ya gani ba. Zauna da shi, ka nemo masa labarin mutumin na gaskiya, ku karanta hukuncin tare, ka bar shi ya lissafa da kansa shekarar da aka kama shi da shekarar da ya mutu.