Gini kaɗai ba ya tayar da gari

Wani marubuci ya ce katafaren gidan tarihi guda ɗaya na iya farfaɗo da birnin da ya durƙushe, ya kafa hujja da Bilbao ta ƙasar Sifen. Ban yarda ba. Kafin a buɗe gidan tarihi na Guggenheim a Bilbao a 1997, hukumomi sun riga sun ƙaddamar da jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1995, kuma suna ta tsabtace kogin da masana'antu suka gurɓata. Ginin ya zo ya tarar da shimfiɗa ne. Malam mai cewa baƙi za su kawo kuɗi, gaskiyarka, amma idan kuɗin haya ya tashi, masu zane da ƙananan masu sana'ar da suka raya unguwar tun farko, ina za su koma?