Kilomita 14,000 a Littafina, Taku 412 Zuwa Masallaci

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

Shekaranjiya uwargida tana kakkaɓe ɗaki ta zaro wani tsohon littafi daga ƙarƙashin akwati, irin mai bangon kwali ɗin nan da 'yan kasuwa ke rubuta bashi a ciki. Ta miƙo min ta ce, "Baban yara, ga littafin gudunka. A ajiye ne ko a kai wa mai ƙosai?" Na karɓa ina dariya. Ban tashi daga wurin ba sai da aka kira la'asar, dariyar kuwa tun kafin shafi na goma ta ɗauke.

Shafin farko, watan Maris na 2011 ne. Likita ya auna ni ya ce jini ya hau, tumbi ya yi gaba, in ban tashi tsaye ba ƙwaya za ta zama abincina. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ranar na shiga Kasuwar Barci na sayo kambas na gwanjo, washegari da sassafe na dira Filin Murtala ina ta cika baki. Ga abin da na rubuta da hannuna a ranar: "Minti 3. Na kusa amai." Wasu sojoji suka wuce ni suna waƙa, ni kuwa ina dafe da gwiwa ina haki kamar an biyo ni.

Daga nan shafukan suka fara kyau. Ranar da na fara cika kilomita 5 ba tsayawa, na ja layi biyu a ƙarƙashinta da jan biro. Kilomita 10 ta zo a 2013, cikin hunturu, hazo ya rufe gari ko fitilar mota da ƙyar ake gani. Jini ya sauka, wanduna suka koma wurin tela. Na san Kaduna da tafin ƙafata: daga Badarawa in faɗa titin Ali Akilu, in miƙe Kawo in juyo, wata rana in zaga ta Isa Kaita in ɓulla Unguwar Rimi. Na san wane mai shayi ke riga kowa hura wuta, na san karen wane gida ne ba a ɗaure shi. A watan Nuwamban 2020, da aka yi gudun famfalaki na farko na Kaduna, na shiga na kilomita 21. Kafin in iso, gumin 'yan Kenya ya daɗe da bushewa, amma na iso, aka rataya min lamba. Tana nan a falo har yau, duk baƙon da ya shigo sai na san yadda na yi hira ta biyo ta kanta.

Na ɗauki waya na tara lissafin shekara 13. Ya haura kilomita 14,000. Tsakanin Kaduna da Makka in an miƙe bai kai 4,000 ba. Ke nan tafiyar da kakanninmu suka riƙa yi a ƙasa, ta Chadi da Sudan, su shekara a hanya wasu ma su rasu a can, ni na taka tsawonta na dawo na sake komawa, duk a tsakanin Kawo da Unguwar Rimi.

Ba jimlar ce ta kashe min jiki ba. Wani ɗan rubutu ne a gefen kowane shafi, inda nake sa lokacin da na fita daga gida. 5:30. 5:25. 5:30. Shafi bayan shafi, shekara bayan shekara. Ku da kuke Kaduna kun san abin da ake yi a wannan lokacin. Liman ya kabbara, ko yana shirin kabbarawa. Ni kuwa na riga na yi tawa a ɗaki, ni kaɗai, raka'a biyu kamar kaza na tsattsagar dawa, ina sallama ina laluben igiyar takalmi don kada abokan gudu su tafi su bar ni. Masallacin unguwarmu kuma ba wani nisa ne da shi ba. Daga baya agogon hannuna mai ƙirga taku ya faɗa min adadin: 412 daga ƙofar gida zuwa inda ake cire takalma. Ta ƙofarsa nake wucewa a guje.

Akwai shafin da na so in yage. A ƙarshen Maris na 2020 aka sa dokar kulle a Kaduna saboda korona, aka rufe kasuwanni, aka rufe masallatai, har Juma'a aka daina fita. Ga abin da bawan Allah ya rubuta: "Kwana 9 ban fita gudu ba, duk jikina ya mutu." Shafi na gaba: "Na zaga tsakar gida sau 80." Na duba gaba na duba baya ko zan ga wuri ɗaya da na ce ina kewar sahu. Babu. Mutum yana iya yi wa jama'a ƙarya a Facebook, amma littafin da ya rubuta don kansa ba ya rufa masa asiri.

Kada wani ya ɗauka ina zagin gudu ne. Wallahi a'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Abu Dawuda ya ruwaito. A cikin Muslim kuma an ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, ko da yake kowannensu da alherinsa. Salamatu ɗan Akwa'u da ƙafa ya bi mahara a kan dawakai ya ƙwato raƙuman Annabi. Lafiya uwar jiki. Da ban fara gudu ba, Allah kaɗai ya san inda hawan jinin nan zai kai ni. Laifin ba na ƙafa ba ne, na mai ƙafar ne da ya san darajar kowane taku a kan kwalta, ya jahilci darajarsa a hanyar masallaci.

Ku saurari wannan. Banu Salima gidajensu na da nisa da masallacin Madina. Da fili ya samu a kusa, suka yi niyyar tasowa su dawo nan. Annabi ya ji labari, sai ya ce musu: ya ku Banu Salima, ku zauna a gidajenku, ana rubuta sawunku. Sau biyu ya faɗa. Muslim ya ruwaito daga Jabir. Kuma a Suratu Yasin, aya ta 12, Allah ya ce yana rubuta abin da suka gabatar da kuma gurabun da suka bari. Ashe tun kafin a ƙera agogon da ke ƙirga taku akwai masu ƙirgawa, kuma nasu batir ɗin ba ya mutuwa. Wanda ya yi alwala a gida ya fita ba don komai ba sai sallah, kowane taku ana ɗaga masa daraja ana kankare masa zunubi. Ni da nake iya gaya maka minti nawa na ci a kilomita ta bakwai ranar wata Asabar a 2017, ban taɓa zama na lissafa abin da nake zubarwa kullum asuba ba: 412 zuwa, a cikin duhu, alhali an yi wa masu tafiya masallaci cikin duhu bushara da cikakken haske ranar alƙiyama.

Abin mamaki ma, wannan tafiyar ba a son gudu a cikinta. An hana. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa idan an tayar da sallah kada mu zo mata a guje, mu zo da tafiya cikin natsuwa, abin da muka samu mu sallata, abin da ya wuce mu cika. Ba a neman numfashin ɗan Kenya, ba a neman takalmin dubu ɗari. Tsoho mai sanda da saurayi mai jini a jika duk farashi ɗaya ake sayen takunsu. Ko sallar isha da asuba da aka ce sun fi yi wa munafukai nauyi, cewa aka yi da sun san abin da ke cikinsu da sun zo ko da rarrafe ne. Rarrafe fa aka ce. Ni ina da gudu ban zo ba.

Sai 2024 ta zo da darasi biyu. Na farko daga nesa. Duk mai bin harkar nan ya san Kelvin Kiptum, ɗan gudun famfalaki na Kenya. A watan Oktoban 2023 a Shikago ya cinye kilomita 42 da 'yan kai cikin awa 2 da daƙiƙa 35, abin da ba a taɓa yi ba a gasa. Duniya ta zuba ido watan Afrilu ya zo ya sauko ƙasa da awa biyu a Rotterdam. Daƙiƙa 35 kacal suka rage masa. Ranar 11 ga Fabrairun 2024 ya yi hatsarin mota da dare a Kenya, shi da kocinsa, yana da shekara 24. A zaurenmu na WhatsApp an kwana ana jimami, ana cewa kash, saura ƙiris. Ni ma na ce kash. Ban ce wa kaina komai ba.

Na biyun a gwiwata ta hagu ya sauka. Da farko ɗan tsami ne in na sauko daga bene, na riƙa shafa man zafi ina fita abina. Da damina ta kumbura. Aka ɗauki hoto, likita ya ce guringuntsin ya cinye, ƙashi ya kusa fara gugar ƙashi, in rabu da kwalta. Shafin ƙarshe a littafin kilomita 2 ne, da kalma ɗaya a gefe: "Ciwo."

Wata huɗu ban iya naɗe ƙafar nan ba. Wanda bai taɓa rasa sujada ba ba zai gane ba. Ka ga ƙasa ga ta nan, goshinka na son ta, gwiwa ta ce ba ka isa ba. A lokacin ne wani hadisin Bukhari ya hana ni barci: idan bawa ya yi rashin lafiya ko ya yi tafiya, ana rubuta masa irin abin da yake aikatawa lokacin da yake zaune lafiya. Mutane suna karanta shi su yi murna. Ni tsoro ya ba ni. Wanda ya saba da sahun farko, yana kwance ana ci gaba da rubuta masa sahun farko. Ni da na saba da 5:30 a bakin titi, me za a ci gaba da rubuta min? Ba a fafe gora ranar tafiya. Nan na fahimci abin da Ibnu Abbas ya ruwaito, cewa ni'imomi biyu mutane da yawa an yi musu kamunga a cikinsu, lafiya da sarari. Ba a ce ba su samu ba. Sun samu, sun sayar da araha.

Abokaina na Filin Murtala da na filin wasa na Ahmadu Bello, ku da har yanzu gwiwoyinku ke amsa kira, don Allah ku ji ni. Ba cewa na yi ku ajiye takalmi ba. Ku matsar da lokacin haɗuwa da minti 20 kawai. Titi ba ya guduwa, kuma rana ba ta yin zafi ƙarfe shida. Wanda ya iya tashi ƙarfe biyar cikin sanyin Janairu saboda abokai na jiransa, ba shi da bakin cewa asuba ta fi ƙarfinsa, jikinsa ya riga ya ba da shaida a kansa. Wandon nan kuma a sa wanda ya rufe gwiwa. Taswirar hanyar gudunmu da muke ɗorawa a waya kullum safiya, kowa ya tambayi zuciyarsa don wa yake ɗorawa. Ni dai na san tawa, in ba a yaba ba har raina ɓaci yake yi. Tirmizi ya ruwaito cewa ƙafafun bawa ba za su gusa ba ranar alƙiyama sai an tambaye shi, a ciki har da rayuwarsa a me ya ƙarar da ita, da jikinsa a me ya tsufar da shi. Ƙafafun da suka yi 14,000, ranar nan taku ɗaya ba za su yi ba sai an ba da amsa. Allah ya sa mu iya amsawa, ya yafe mana abin da ya wuce, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Ranar da na fara zuwa asuba da ɗingishi, na ɗauki farar kujerar roba na ajiye a ƙarshen sahu, inda tsofaffi ke zama. Kusa da ni wani dattijo ne da ya haura 80, gidansa na bayan namu. Bayan an sallame ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kai ma ka iso layinmu?" Na ce, "Na iso, Baba." Ya ce, "Shekara da shekaru ina ganinka in mun fito, ka wuce fuu kamar iska. Kullum sai in ce, yaron nan ina za shi haka da sauri?" Na sunkuyar da kai. Bai jira amsa ba, ya ce in miƙo masa sandarsa.

Yanzu gwiwar ta yi sauƙi, alhamdulillahi, ina kai goshi ƙasa, gudu ne dai babu. Kullum ni nake ƙwanƙwasa wa Baba ƙofa mu tafi tare. Takunsa ƙanana ne, dole in rage nawa. Jiya da muka isa na duba agogo na ce, "Baba, in ni kaɗai ne 412 nake yi, amma in da kai sai ya nuna 530." Ya tsaya yana cire takalmi, ya dube ni ya ce, "To ka biya ni kuɗin ƙarin."

Littafin kuwa na ce wa uwargida ta mayar da shi ƙarƙashin akwati, kada a kai wa mai ƙosai tukuna.