Hip-hop da kiɗan rawa na na'ura: 'yan ɗaki ɗaya da kasuwa ta raba

A watan Yunin 2022 mawaƙin nan na Kanada, Drake, ya fitar da kundin waƙoƙi wanda ya ɗora kusan dukkansa a kan kiɗan rawa na na'ura, kuma kafin gari ya waye masoyan gambarar zamani sun cika shafukan sada zumunta da ƙorafi. Wasu suka ce ya yi wa hip-hop butulci ya koma kiɗan Turawa, wasu kuma suka ce irin kiɗan da ake sakawa a kantunan tufafi ne domin mai saye ya daɗe yana zagaye. Ban damu da ko kundin ya yi daɗi ko bai yi ba, domin wannan magana ce ta kunne, kowa da nasa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar nan ta "kiɗan Turawa", alhali cikin waɗanda suka jagoranci aikin har da Black Coffee na Afirka ta Kudu, wanda a shekarar ce ya lashe kyautar Grammy a rukunin kiɗan rawa na na'ura. Ra'ayina shi ne hip-hop da wannan kiɗa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma gardamar da ake yi a kan wane ya kwaikwayi wane ta kauce wa tambayar da ta fi nauyi, wato wa aka biya, wa kuma aka manta da sunansa.

Masu tarihin hip-hop sun saba ɗora asalinsa a kan daren 11 ga Agustan 1973, lokacin da wani matashi haifaffen Jamaika, Clive Campbell, wanda aka fi sani da DJ Kool Herc, ya saka kiɗa a ɗakin taron wani dogon gini mai lamba 1520 a titin Sedgwick da ke unguwar Bronx ta New York. Ƙanwarsa Cindy ce ta shirya taron domin ta samu kuɗin sayen tufafin komawa makaranta. A irin waɗannan taruka Herc ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai gaɓar da mawaƙi da sauran kayan kiɗa suke yin shiru, ganga ta rage ita kaɗai. Sai ya riƙa sayen faifai iri ɗaya guda biyu, ya ɗora kowanne a kan na'urarsa, idan gaɓar gangar ta ƙare a wannan sai ya tayar da ita a wancan, har abin daƙiƙoƙi ya koma na mintoci. Duk wanda ya duba wannan dabara da idon basira zai ga cewa ita ce ginshiƙin kiɗan rawa na na'ura har gobe: a yanko guntun kiɗa, a yi ta maimaita shi, kada ƙafar mai rawa ta huta. Mai riƙe da makirufo a lokacin aikinsa bai wuce na sanƙira a gidan biki ba, yana ambaton sunayen mahalarta, yana zuga taro, yana koɗa mai saka faifai. Daga baya ne sanƙiran ya girma har ya rufe ubangidansa.

A wannan unguwa ta Bronx aka haifi Frankie Knuckles, wanda ya koma Chicago a 1977 ya riƙa saka kiɗa a wani gidan rawa mai suna Warehouse, kuma daga sunan gidan ne aka samo sunan kiɗan da ake kira hawus. A watan Yulin 1979 aka tara faifan disko a filin wasa na Comiskey Park da ke Chicago aka tarwatsa su da nakiya a gaban dubban 'yan kallo, kamfanoni kuma suka fara janye jiki daga disko. Da sababbin faifai suka yi ƙaranci, sai Knuckles da ire-irensa suka shiga yanka tsofaffin waƙoƙi a kan tef suna sake jera su, suna ƙara musu bugun na'urar ganga. A shekarar ta 1979 ɗin dai waƙar gambara ta farko da ta yi kasuwa a duniya, "Rapper's Delight", ta fito a kan kiɗan wata waƙar disko ta ƙungiyar Chic. A Detroit kuma wasu matasa baƙar fata uku da suka yi makaranta tare a garin Belleville, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, su ne suka kafa abin da ake kira tekno. Birane uku ke nan na Amurka, kuma a kowanne 'ya'yan baƙar fata ne a kan na'ura.

Ita kanta na'urar da ta haɗa su da farko kayan kwantai ce. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da na'urar ganga mai suna TR-808 a 1980, makaɗa suka raina ta domin amonta bai yi kama da gangar gaske ba, aka daina ƙera ta a 1983 bayan an yi kimanin guda 12,000. Da ta faɗo kasuwar gwanjo sai ta zo daidai aljihun yaran da ba su da kuɗin hayar makaɗa, kuma abin da manya suka ɗauka aibi, wato zurfin bugunta mai girgiza ƙirji, shi ne ya zama abin nema. A 1982 mai saka kiɗan hip-hop Afrika Bambaataa da ƙungiyarsa, tare da Arthur Baker da John Robie, suka yi "Planet Rock" da wannan na'ura. Har yau ba a iya cewa ga ɓangaren da waƙar take, domin masu hip-hop suna lissafa ta cikin tushensu, masu tekno ma haka.

A nan ya kamata in yi wa masu cewa "kiɗan Turawa" adalci, domin maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Karin "Planet Rock" daga ƙungiyar Kraftwerk ta birnin Düsseldorf na Jamus aka ɗauko shi, kuma matasan Detroit ba su taɓa ɓoye cewa sun sha sauraron Jamusawan a rediyo ba. Amma a lura da yadda aka ƙare: Kraftwerk sun nemi haƙƙinsu, an sasanta, an biya su, kuma an saka sunayensu cikin marubutan waƙar. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, domin zan dawo kansa.

To me ya raba hip-hop da kiɗan rawa na na'ura? Na farko dai saurin bugu ne. Mai gambara yana buƙatar fili domin kalmominsa su fita a ji su, shi ya sa hip-hop na shekarun 1990 ya zauna a wajajen bugu 90 a minti ɗaya, yayin da hawus yake gudu a kan 120 zuwa 130, inda doguwar magana take zama cikas ga mai rawa. Na biyu kasuwa ce, domin kamfanin faifai ya fi son fuska da murya da zai manna a bango ya sayar, kuma hip-hop ya ba shi wannan, hawus da tekno kuwa suka bar shi da mutumin da ya sunkuyar da kai a bayan na'ura. Na uku shi ne wanda ba a cika son faɗa ba: yawancin masu zuwa gidajen rawa irin Warehouse baƙar fata ne da 'yan asalin Latin Amurka masu neman jinsinsu, kuma hip-hop da ya ɗauki taƙama da mazantaka a matsayin tambarinsa ya riƙa nesanta kansa da su. An ɗan yi ƙoƙarin haɗa zumuncin a wajajen 1988, lokacin da masu gambara Jungle Brothers suka yi aiki da makaɗin hawus Todd Terry, amma abin bai yi tsawon rai ba. Amurka ta rungumi hip-hop ta yi ko oho da ɗan'uwansa, shi kuwa ya tsallaka teku ya samu karɓuwa a Landan da Manchester da Berlin, inda makaɗan Detroit suka fi samun girma fiye da garinsu.

Da kiɗan ya komo gida a wajajen 2010, ya komo ne da sabon suna mai haruffa uku, EDM, wato taƙaitaccen sunan kiɗan rawa na na'ura a Turance, da sababbin fuskoki, yawancinsu Turawa. Manyan otal-otal na Las Vegas suka riƙa zuba kuɗi, mujallar Forbes kuma ta yi shekaru a jere tana saka Calvin Harris na Scotland a kan gaba cikin masu saka kiɗa da suka fi samun kuɗi a duniya. Matashin da ya buɗe ido a wannan zamani ba shi da laifi idan ya ɗauka a Turai aka haifi abin. Zan kuma yarda da masu kishin gambara a kan abu guda: yawancin waƙoƙin da aka yi a tsakanin 2009 da 2012, inda ake ɗauko mai gambara a liƙa shi a kan kiɗan bukukuwan Turai, ba su ƙara wa kowa daraja ba, domin an mayar da mawaƙin mai ihun "ku ɗaga hannu" kawai, ga shi kuma kiɗan duk tafiyarsa ɗaya. Sai dai wannan laifin kwaɗayi ne, ba laifin na'ura ba.

Misalin da ya fi damuna shi ne na kiɗan trap. A Atlanta kalmar tana nufin gidan da ake sayar da ƙwaya, kuma waƙoƙin da T.I. da sa'o'insa suka yi a farkon shekarun 2000 labarin talauci ne da kurkuku da mutuwa, a kan bugun 808. Cikin shekara goma aka cire labarin aka bar bugun, aka kai shi filayen rawa na masu hali. A 2013 wani kiɗa mai suna "Harlem Shake" ya hau saman jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka na mujallar Billboard saboda bidiyoyin barkwanci na YouTube, mazauna unguwar Harlem ta New York kuwa suna ta faɗin cewa abin da ake yi bai yi kama da rawarsu ta asali ba. Aro ba laifi ba ne a kiɗa, hip-hop ma da aro ya tashi, amma akwai bambanci tsakanin mai aron riga da mai yanke sunan telan da ya ɗinka ta.

Wanda yake zaton wannan labari ya tsaya a Amurka, to ya saurari abin da DJ yake sakawa a bikin aure na gaba da zai halarta. A Afirka ta Kudu matasan Soweto sun rage wa hawus gudu a shekarun 1990, suka ɗora masa magana da harsunansu, aka samu kwaito, daga zuriyarsa kuma amapiano ya fito, ya mamaye Legas, ya iso har majalisun bukukuwanmu. Na taɓa zama a wani ɗan sitidiyo a Kano, ɗaki ɗaya da aka manna wa katifar soso a bango, ina kallon wani yaro yana haɗa kiɗa a manhajar FL Studio. Da safe ya yi wa mai gambara aiki, da yamma ya yi wa mai waƙar biki, kuma abin da ya canza bai wuce lambar saurin bugu da ke saman allon kwamfutar ba. Da mawaƙin ya ce kiɗan bai yi nauyi ba, sai yaron ya ce bari ya ƙara masa "eit-o-eit", wato 808. Na tambaye shi ko ya san mene ne wannan lamba, ya ce sunan bugu ne kawai. A wurinsa katangar da ake gardama a kanta ba ta taɓa wanzuwa ba, kuma ina ganin shi ya fi kusa da gaskiyar tarihi fiye da masu ƙorafin 2022.

Na ce zan dawo kan maganar biya. A 1969 wata ƙungiya ta birnin Washington mai suna The Winstons ta naɗi wani kiɗa, "Amen, Brother", a bayan faifanta, kuma a tsakiyarsa makaɗin gangarsu Gregory Coleman ya yi bugu shi kaɗai na abin da bai wuce daƙiƙa bakwai ba. A 1986 aka saka kiɗan cikin wani tarin faifai da ake haɗa wa masu saka kiɗa, daga nan hip-hop ya ɗauka, har masu gambara N.W.A suka gina ɗaya daga cikin manyan waƙoƙinsu na 1988 a kansa. Matasan Landan, da yawansu 'ya'yan 'yan Jamaika, suka ƙara masa gudu zuwa bugu 160 da ɗoriya, suka daddatsa shi, ya zama ƙashin bayan kiɗan jangul da abin da ya biyo bayansa. Dubban waƙoƙi a ɓangarorin biyu suna tsaye a kan hannun mutum ɗaya, kuma babu wata hujjar 'yan'uwantaka da ta wuce wannan. Jamusawan Düsseldorf suna da lauyoyi da kamfani a bayansu, shi ya sa aka biya su. Shugaban The Winstons, Richard Spencer, ya ce bai ma san ana amfani da kiɗan ba sai a 1996, kuma ba shi ba Coleman, babu wanda ya karɓi ko sisi na haƙƙin mallaka. A 2015 wasu masu saka kiɗa biyu a Birtaniya suka buɗe asusun taimako a intanet, aka tara kimanin fam 24,000 aka miƙa wa Spencer. Coleman bai ga kuɗin ba, domin ya rasu tun 2006 a Atlanta, ba shi da ko wurin kwana.