Ku bar mu mu kama mai laifin da kanmu

Daren jiya muka ƙare wani littafin binciken kisan kai ni da Inna, kuma har yanzu abin yana cina a rai, shi ya sa na zo nan in amayar. Ba zan faɗi sunan littafin ba, ba zan faɗi sunan wadda ta rubuta shi ba. Ban zo tozarta kowa ba, kuma matsalar ba tata ba ce ita kaɗai.

Sati uku ke nan kullum bayan isha'i muna shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni da wayata, Inna da carbinta, in karanta mata babi biyu ko uku. Dala ɗari na biya aka saka ni cikin rukunin WhatsApp ɗin da ake sakin labarin. Wani attajiri ne aka wayi gari aka same shi a mace cikin ɗakinsa, ƙofa a kulle ta ciki, ƙwaryar fura a gefen gado an sha rabi. Yana da mata uku, da ɗan wansa mai riƙe masa shago, da direba, da maigadi. Kowannensu yana da dalilin da zai so ganin bayansa. Farkon ya yi kyau ƙwarai, gaskiya sai an faɗa.

A babi na 9 maigadi ya shaida wa masu bincike cewa bai ga shigar kowa ba, saboda an kwana ana ruwa, shi kuma yana cikin ɗakinsa. Har na wuce, sai Inna ta ɗaga hannu.

"Dakata, yaro. Ba shekaranjiya ka karanta mini amarya ta kwashe shanya da sahe a bushe ba? In anka kwana ana ruwa, ƙaƙa shanya ta bushe a waje? Maigadin ga ƙarya shika yi."

Na koma baya, na tarar da zancen a babi na 4, daidai yadda ta faɗa. Inna ba ta taɓa shiga lekol ba, amma kunnenta ba ya zubar da magana. Daga daren nan idonmu bai bar kan maigadi ba. Duk inda ya buɗe baki sai ta ce in maimaita. Har maƙwabciyarta ta ba labari, ita ma ta fara leƙowa ta katanga tana tambaya ko an kama shi.

Sai ga babi na 61. Ɗiyar marigayin ta kwanta barci, uban ya zo mata a mafarki cikin fararen kaya, ya faɗa mata sunan wanda ya kashe shi. Wani abokin kasuwancinsa ne da ba a taɓa ambata ba ko sau ɗaya tun farkon littafin. Ƙofar da ke kulle fa? Boka ya ba shi layar zana. Shanyar da ta bushe kuwa ashe mantuwa ce kawai marubuciyar ta yi. Inna ta yi shiru, ta tashi tana naɗe tabarmarta, ta ce, "Ashe mu kaɗai munka yi aiki, mai littahin ba ta yi nata ba."

Labarin bincike ba kamar labarin soyayya ba ne. A na soyayya mai karatu ɗan rakiya ne, yana bin masoya yana taya su kuka da murna. A na bincike kuwa abokin wasa ne. Tun muna yara mun san ƙa'idar, a dandali muka koye ta. In ka ce ƙulun ƙulufit, ka kawo kacici-kacici, na yi ta lalube na kasa, na ce na ba ka gari, to amsar da za ka faɗa dole ta zama wadda in na ji zan dafe kai in ce ai kuwa haka ne, tana gabana ban gani ba. In ka ci garina sannan ka kawo amsar da ba ta da alaƙa da tambayar, ba wanda zai sake zama ya yi wasa da kai. Marubucin da ya sa na riƙe sunaye bakwai da sa'o'i da wanda ya shiga da wanda ya fita har babi sittin, sannan ya warware da mafarki, garina ya ci a banza.

Mun sha yin wannan gardamar a fadarmu ta unguwar Zariya, ana dafa shayi. Akwai wani yayanmu, malamin firamare ne, kowa Mushe yake ce masa. Shi a ganinsa ina matsa wa marubuta. Ya ce mutanenmu sun yarda da mafarki, sun yarda da aljanu da sihiri, marubuci kuma abin da ke cikin jama'a yake ɗaukowa. Na ce masa, Mushe, ni ma na yarda. Akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan aljanu, kuma ba na musun mafarkin gaskiya. Amma a duba Suratu Yusuf, wadda mafarki ya ratsa ta daga farko har ƙarshe. Da aka zo kan zargin da matar Azizu ta yi masa, da me aka wanke shi a wurin? Wani mai shaida daga danginta ya ce a duba rigar: in ta gaba ta yage, ita ce mai gaskiya, in ta baya ne, shi ne mai gaskiya. Aka duba, ta baya ce. Ayoyi na 26 zuwa 28 ne, kowa ya buɗe ya gani. Ba ina kwatanta Littafin Allah da ƙagaggen labari ba ne, Allah Ya tsare. Ina cewa duba alama a gano gaskiya da hankali ba baƙon abu ba ne da muka aro daga Turawa. A makarantar allo muka fara jin sa.

Kuma akwai wanda ya nuna ana iya haɗa biyun. Marigayi Moussa Konaté na Mali, wanda ya rasu a 2013, ya rubuta jerin labaran wani kwamishinan ƴan sanda mai suna Habib. A wanda ya fito a 2006 ya kai shi ƙasar Dogon, inda masu duba suke karanta sawun yanyawa a kan yashi. Bai yi wa imanin mutanen dariya ba, ya ba shi nauyinsa, mai binciken ma sai da ya yi ladabi kafin a buɗe masa baki. Amma da aka zo ƙarshe, hannun ɗan Adam ne a cikin mutuwar, kuma da dalilinsa. Da Faransanci na karanta shi, ina karantawa ina jin kishi, don me ba mu da irinsa da Hausa a kan Maraɗi?

Kayan aikin ai suna nan zube. Ina yaro aka sace wa kawuna san noma a wani ƙauye wajen Madarumfa. Da asuba aka kira wani dattijo mai bin sawu. Ban manta yadda ya tsuguna a bakin turken ba, ya hana kowa matsowa, ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago ya ce mutum biyu ne, ɗaya yana jan ƙafar hagu, kuma tun farkon dare suka wuce, don ga sawun ƙwari ya ratsa ta kan nasu. Aka bi shi har inda ƙasa ta yi tauri sawun ya ɓace, daga nan ya ce a je kasuwar da ke ci washegari a tambayi dillalai, don dillalin dabbobi ya san shaidar da ke jikin sa kamar yadda ya san fuskar ɗansa. Wannan dattijon ya fi duk wani jami'in bincike mai baƙin tabarau da na taɓa gani a littafi.

Ga mai wankan gawa. A ƙasar da ake rufe mamaci a ranar da ya rasu, sau da yawa shi ne ido na ƙarshe da ya ga jikin. In ya ga tabo a wuya, ya faɗa ko ya rufa asiri, alhali an hore shi da ya suturta abin da ya gani? Wannan kaɗai ya isa littafi guda. Ga ɗan kabu-kabu da ya san wanda ya sauke a wace ƙofa da ƙarfe nawa. Ga ɗan kamasho a tasha. Ga hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da duk abin da ke ratsa ta da dare, fetur da shinkafa da sauransu. Tun 1982 Sulaiman Ibrahim Katsina ya gina Turmin Danya a kan fasa-ƙwauri, mu da muke zaune a bakin iyakar har yau ba mu taɓa abin da kyau ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne marubutanmu na nan Nijar da za su ce labari a Maraɗi yake, sai ka ga DPO, shugaban ofishin ƴan sanda a tsarin Nijeriya, ya fito, ana kashe naira. In littafin Kano ne ba laifi, tsarinsu ke nan, kuma muna karanta su da daɗi. Amma mu a nan jandarma ne a karkara, polis a gari, akwai tsarewar awa 48, akwai mai gabatar da ƙara, akwai alƙalin bincike, kuma rigingimu da yawa na gona da gado sai sun biya ta gaban maigari ko hakimi don sulhu. Yini guda a zauren kotu ana saurare ya isa ya gyara rabin kurakuran.

Na san daga ina ciwon yake, kuma ina tausaya wa marubutan. Yawancinsu kullum suke rubuta babi su saki, masu karatu suna ta kiran a ci gaba, a ci gaba, ga hidimar gida, ga tsadar data. Wanda ya fara haka sau da yawa shi kansa bai san wa ya yi kisan ba sai ya zo gaɓar ƙarshe, ya ga ba mafita, ya kira boka ya fitar da shi. Labarin soyayya yana jure wannan. Na bincike kuwa daga ƙarshe ake gina shi: ka san wa ya yi, da me, don me, ina ya yi kuskure, sannan ka dawo farko ka rarraba alamun inda mai kunne irin na Inna zai tsince su. A gama shi duka kafin a saki babi na farko, a ba mutum biyu su karanta su nemo inda shanya ta bushe cikin ruwa.

Kuma a ji tsoron Allah a kan mamacin. Mu nan yankin, daga Madarumfa zuwa Gidan Rumji, mun san gidajen da aka ɗauke musu mutum aka sayar da gona don a fanso shi. Gawa a littafi ta zama mutum mai uwa da ƴaƴa, kada ta zama dalilin buɗe labari kawai a manta da ita a babi na uku.

A fadarmu mun yanke shawara: littafi na gaba za mu tsaya saura babi uku, kowa ya rubuta sunan wanda yake zargi da hujjarsa a takarda, a zuba cikin gwangwanin shayi, sai an ƙare a buɗe. Littafin ne ba mu samu ba tukuna. Duk wanda ya san wani na Hausa da aka kama mai laifi da hujja, sabo ko tsoho, ya rubuta mini sunansa a ƙasa. Inna ta ce ba za ta sake zama a tabarma ba sai na tabbatar mata wani ya karanta shi har ƙarshe.