Rumawan da ba su taɓa ganin birnin Rum ba

Duk wanda ya taɓa zama a tafsirin azumi ya ji farkon Suratur Rum: an rinjayi Rumawa a ƙasa mafi kusa, kuma cikin 'yan shekaru su ma za su yi rinjaye. Yaƙin da ake nufi sananne ne. Farisawa sun ci Ƙudus a shekarar 614 Miladiyya, suka gangara Masar, daga baya Sarki Hiraƙal ya juyo kansu ya karya rundunarsu kusa da Ninawa a 627. Shi ne dai Hiraƙal ɗin da littattafan sira suka ce Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aika wa wasiƙa.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne waɗannan Rumawan ba mutanen birnin Rum na Italiya ba ne. Fadarsu tana Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, kuma akasarinsu Girkanci suke yi. Hiraƙal kansa daga Kartaj, cikin Tunisiya ta yanzu, ya taso da jiragen ruwa ya karɓi mulki a 610. Sarkin Rum na ƙarshe a Italiya kuwa tun 476 aka tuɓe shi. To ta yaya Bagirke da mutumin Sham da na Masar suka zama Rumawa, har suke kiran kansu haka ba tare da wani tantama ba?

Ni a ganina amsar wannan tambaya ita ce mafi girman abin da ke cikin tarihin daular, ta fi labarin hanyoyin dutse da magudanan ruwa da ake ta yabo. Rum ta daɗe ne saboda ta iya mayar da wanda ta ci da yaƙi ya zama ɗan gida. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, rana na fitowa zai wuce. Su kuwa Rumawa sai suka shirya dokarsu a kan cewa baƙon nan zai zauna, zai haihu, kuma wata rana jikansa zai iya hawa karaga.

Ko tatsuniyar kafuwar birnin ta nuna haka. Suna cewa a shekarar 753 kafin haihuwar Annabi Isa, Romulus ya kafa garin, da ya rasa jama'a sai ya buɗe mafaka ga gudajjun bayi da korarru da waɗanda garuruwansu suka ƙi. Tatsuniya ce, amma ka duba irin asalin da suka zaɓar wa kansu. Mutanen Atina suna alfahari da cewa daga ƙasarsu suka tsiro. Rumawa ba su ji kunyar cewa kakanninsu tarkacen 'yan gudun hijira ba ne.

An gwada wannan tsari gwaji mai tsanani a zamanin Hanibal, jarumin Kartaj da ya ƙetaro duwatsun Alps da giwaye. A Kanne, shekarar 216 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kashe dubun-dubatar sojojin Rum a wuni guda. Hanibal ya san inda ƙarfin abokan gabansa yake, shi ya sa yake sakin fursunonin da suka fito daga garuruwan Italiya masu ƙawance da Rum ba tare da fansa ba, ya riƙe Rumawa kaɗai. Lissafinsa shi ne ƙawancen zai watse. Wasu sun balle ɗin, Kapuwa ta bi shi, daga baya Tarentum ma ta faɗa hannunsa. Amma garuruwan tsakiyar Italiya, waɗanda aka riga aka ba su wani kaso na haƙƙin ɗan ƙasa da rabo a ganima, suka tsaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Rum ta ci gaba da tara sabbin runduna daga cikinsu, har aka je filin Zama a Afirka ta Arewa a 202 aka gama da Hanibal a ƙasarsu.

Wani abokin gabar Rum ya gane sirrin tun a lokacin. Sarki Filibus na biyar na Makidoniya ya rubuta wa mutanen garin Larisa wasiƙa, wadda aka sassaƙa a dutse kuma ta tsira har yau, yana ba su shawarar su karɓi sabbin 'yan gari, yana kafa musu hujja da Rumawa waɗanda ko bawa suka 'yanta sukan mayar da shi ɗan ƙasa.

Kada wani ya ɗauka karamci ne ya sa su. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, kuma sau da yawa sai an zubar da jini kafin su buɗe ƙofar. A shekarar 91 kafin haihuwar Annabi Isa, wani wakilin talakawa mai suna Durusus ya nemi a ba ƙawayen Italiya cikakken haƙƙin zama 'yan ƙasa, aka kashe shi. Ƙawayen suka ɗauki makami, suka kafa tasu fadar a Korfiniyum, suka buga kuɗi mai hoton bijimin Italiya yana tunkuyin kyarkecin Rum. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna mutuwa a yaƙe-yaƙen Rum ne fa. Rum ta yi nasara a fagen daga, amma tun ana cikin yaƙin, a shekarar 90, ta yi dokar da ta ba da abin da ake faɗan a kai. Da an bayar tun farko da ba a yi asarar rayukan ba, sai dai masu riƙe da gata ba su taɓa sakinsa cikin daɗin rai ba, a ko'ina.

Wurin da na fi so a labarin nan shi ne muhawarar shekarar 48 Miladiyya. Manyan mutanen Gol, Faransa ta yau, sun nemi a ba su damar shiga majalisar dattawa. Dattawan Rum suka ce ina, jikokin waɗanda suka yaƙi Yuliyus Kaisar ne za su zauna kusa da mu? Sarki Kalaudiyus, wanda shi ma a Liyon aka haife shi, ya tashi ya tunatar da su cewa kakanninsa baƙi ne daga ƙasar Sabinawa, kuma a cikin sarakunan farko na birnin akwai waɗanda suka zo daga waje. Marubucin tarihi Tasitus ya ƙara da hujjar da ta fi kowacce nauyi a jawabin: abin da ya karya Atina da Sparta, duk da ƙarfinsu a yaƙi, shi ne sun riƙe waɗanda suka ci a matsayin bare. An zana jawabin a allon tagulla, an tono shi a Liyon a 1528, yana nan a gidan tarihi.

Ga talaka kuma akwai hanyar soja. Mutum daga Sham ko Afirka ta Arewa ko bakin kogin Danub zai shiga rundunar taimako, ya yi shekara 25, ranar sallama a ba shi haƙƙin ɗan ƙasa, da shaidarsa rubuce a fallen tagulla. Ana ta tono irin waɗannan fallaye daga Ingila har Maroko. Darajar wannan matsayi ba ƙarama ba ce. Kiristoci sun san yadda Bulus ya tsira daga bulala a Ƙudus da ya ce shi ɗan ƙasar Rum ne, hafsan da ke tsare da shi ya ce shi da kuɗi masu yawa ya sayi nasa.

Sakamakon ya kai har kan karaga. Tarajan, wanda daular ta kai iyakar faɗinta a zamaninsa a 117, haifaffen Sifaniya ne. Sabtimiyus Sabirus, da ya hau a 193, ɗan Labtis Magna ne a gaɓar Libiya, matarsa Juliya Domna 'yar Homs ta Siriya, kuma a Yok ta Ingila ya rasu a 211. Da birnin Rum ya yi bikin cika shekara dubu a 248, wanda ya jagoranci bikin shi ne Filibus Balarabe, mutumin kudancin Siriya. Tsakanin waɗannan biyu, a 212, Karakalla ɗan Sabirus ya yi doka guda ya mayar da kusan duk wanda ba bawa ba da ke cikin daular ɗan ƙasar Rum. Kasiyus Diyo, wanda ya rayu a zamanin, ya ce haraji sarkin yake nema, domin 'yan ƙasa ne ke biyan harajin gado. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ko ma mene ne dalilin, daga wannan doka ne Bagirken Anatoliya ya zama Barume, jikokinsa kuma suka zama Rumawan da Alƙur'ani ya ambata.

Na san mai karatu zai ce ina wanke azzalumai, kuma yana da hujja. Daular ta tsayu ne a kan bauta. Da aka murƙushe boren Sifartakus a shekarar 71 kafin haihuwar Annabi Isa, bayi dubu shida aka gicciye a gefen hanyar Afiya. An ƙone Kartaj a 146 kafin haihuwar Annabi Isa, aka sayar da waɗanda suka tsira. Titus ya rushe Ƙudus a shekarar 70 Miladiyya. Ƙofar da nake yabo ana buɗe ta ne bayan an gama da iyayen mutum, kuma masu hannu da shuni a kowane gari aka fara buɗe wa. Ko bayan 212, doka ta raba manya da ƙanana, hukuncin da ake yi wa talaka ba a yi wa mai muƙami. Ban ce adalai ba ne. Abin da na ce shi ne dauloli da yawa sun iya ci da yaƙi, kaɗan ne suka iya abin da ke biyo baya. Mu da har yau jikan wanda aka haifa a gari kan rasa takardar shaidar asalin ƙaramar hukumarsa, bai kamata mu yi saurin raina wannan ba.

Dubi kuma abin da ya faru lokacin da suka manta sana'ar tasu. A 376 Gotawa, waɗanda Hunawa suka koro, suka nemi izinin ƙetare Danub su zauna cikin daular, aka ba su. Jami'an da aka ɗora wa alhakin ciyar da su suka mayar da yunwarsu kasuwa, har ana ba su naman kare a karɓi 'ya'yansu bayi. Suka yi bore, a 378 suka kashe Sarki Falens da galibin rundunarsa a Adiriyanopil. Shekara talatin bayan haka, a 408, lokacin da daular ta riga ta rabu gabas da yamma, fadar yamma ta kashe Istiliko, babban kwamandanta wanda mahaifinsa baƙo ne daga ƙabilar Bandalawa, aka bi garuruwan Italiya ana kashe mata da 'ya'yan sojojin da asalinsu baƙi ne. Mazajen suka koma wajen Alarik, shugaban Gotawa, wanda ya daɗe yana neman muƙami da wurin zama a cikin tsarin Rum ana yi masa yawo da hankali. A 410 ya shiga birnin ya washe shi kwana uku.

Ba wannan kaɗai ya kayar da yamma ba. Akwai yaƙin basasa tsakanin janar-janar da ba ya ƙarewa, akwai baitulmali da ya bushe, musamman bayan Bandalawa sun ƙwace Kartaj a 439 suka datse alkama da harajin Afirka. Amma Alarik da sojojin da suka bi shi irin mutanen da Kalaudiyus zai nemi hanyar shigarwa gida ne, kuma a ƙarni na biyar ba a samu mai yin hakan ba.

A gabas sunan ya ci gaba da tafiya da ƙafarsa. Musulmi sun karɓi Sham bayan Yarmuk a 636, amma Kustantiniyya ta ƙara shekara fiye da ɗari takwas. Turkawan Saljuƙ da suka zauna a Anatoliya sun kira masarautarsu da sunan Rum, daga nan Jalaluddin Rumi, wanda asalinsa daga yankin Balkh ne, ya samu laƙabinsa. Da Sultan Muhammad na biyu ya ci birnin a 1453, cikin laƙubban da ya ɗauka har da Kaisar na Rum. Mu kuma a nan, tekun da ya raba Afirka da Turai, har gobe Bahar Rum muke ce masa.